Dan Allah masana lafiya, kafar kanina ta kumbura bayan ya yanke a cikin ruwan lagun na Legas

Abban_Sadiq:

Assalamu alaikum yan uwa, dan Allah masu ilimin lafiya a taimaka min da shawara cikin gaggawa. Ina da kani a Legas bangaren Ikorodu, aikin yashi yakeyi, bashi ne mai nutso ya debo ba, su nasu shine idan kwalekwale ya iso bakin ruwa sai su shiga su sauke yashin da kwano su kai tudu inda tifa take zuwa lodi, to kunga kusan wuni guda kafarsa a cikin ruwa take, wani lokacin zuwa gwiwa wani lokacin har kugu, kuma ruwan wajen ba irin na kogunanmu bane ba kuma teku bane sosai, ruwan zartsi ne, yace idan rani yayi har a lebe kake jin gishirin, da damina kuma sai ya ragu.

Tun da dadewa yake min korafin cin ruwa, tafin kafarsa yayi fari fat yayi laushi, ga wasu kananan ramuka a jiki, ga wari, tsakanin yatsun kuma duk ya tsattsage yana kaikayi. Ya sayi wani man shafawa a kemis irin mai hade ukun nan, idan yana shafawa sai ya lafa, da ya daina sai ya dawo yafi na da. Wannan gaskiya bai taba daga min hankali ba tunda kowa a wajen haka yake fama.

Abinda ya daga min hankali shine shekaranjiya wani abu ya yanke shi a kwauri yana cikin ruwan, bai ma ga ko menene ba, ko kwalba ce ko karfe ko bawon katantanwa, yankan dan karami ne bai kai rabin dan yatsa ba, sai ya daure da tsumma yaci gaba da aikinsa har yamma. Yau da asuba abokin kwanansa ya kirani wai yana ta rawar sanyi jikinsa zafi rau, kafar ta kumbura tana sheki kuma yana kukan zafi sosai, yaron da ko zazzabi yakeyi baya fada. Mai kemis ya bashi maganin maleriya da ampiclox da diclofenac. Hajiyarmu tace a sako shi a motar dare ya dawo Kano muyi jinyarsa a gida kusa da mu. Shine nake tambaya, mu jira maganin yayi aiki ne ko ya taho gida, kuma shi wannan cin ruwan meye maganinsa na gaskiya wanda zai warke gaba daya? Nagode.

Tsohon_dan_Legas:

Waalaikumussalam. Allah ya bashi lafiya. Ni ba likita bane amma nayi wannan aikin a bangaren Oworonshoki kafin na koma sayar da gwari a Mile 12, dan haka abinda ka fada duk na sanshi. Cin ruwan nan babu wanda yake tsallake shi, ruwa ne yake jika fata ta yi taushi sannan yashi ya dinga gurzarta kamar ana kankara, da daddare idan ka kwanta tafin kafar ya dinga zugi bakason ko zani ya taba. Wasu suna cewa a sa renbut, to wlh idan ruwan ya wuce gwiwa renbut ya fi komai cutarwa domin ruwa da yashi zasu cika shi kafar ta wuni a jike a rufe, gara takalmin roba mai kauri wanda ruwa yake fita, ko banza zai tare maka kwalba da kusa daga kasa.

Abinda ya taimake mu shine da ka tashi aiki kada ka tsaya hira, ka sayi fiya wata ko ka nemi ruwan famfo ka wanke kafar da sabulu, ka bude yatsun daya bayan daya ka goge su bushe, sannan ka barta a iska kada ka sa safa. Da safe kafin shiga ruwa mu kan labta basilin ko man kadanya, ba ya hana gaba daya amma yana ragewa. Kuma duk wanda ya samu hali ya huta kwana biyu zuwa uku ba tare da ya taba ruwan ba zaka ga kafar ta dawo daidai, matsalar dai kudin kullum kullum ne ake biya, ranar da baka shiga ba babu abin sawa a baki, shi yasa mutane suke daurewa.

Amma maganar yankan nan daban take dan uwa. A gabana wani bawan Allah cikin masu nutso, ba Bahaushe bane, ya samu dan rauni a idon sawu, muna tare dashi ranar yana dariya, washegari bai fito ba, da muka je dubashi kafar tayi wasu manyan bororo bakake masu ruwa da jini a ciki, yan uwansa suna ta shafa masa magani na gida, kafin a kaishi asibiti sai da ta kai ga yanke kafar. Tun daga nan ni idan na samu rauni ko yaya yake bana shiga ruwan sai ya kame. Kada ku saka shi a mota, hanyar nan kusan kwana ce guda, ku kaishi asibiti a can.

Maman_Khairat:

Allah sarki, Allah ya kara sauki. Cin ruwa dai mu a gida lalle muke kwabawa a kunsa a kafar, wasu su hada da garin bagaruwa, yana busar da shi sosai, masu wanki da wanke wanke duk shi suke yi. Shi kuma ciwon a samu ruwan dumi da gishiri a dinga gasa masa safe da yamma kumburin zai sauka in sha Allahu. Amma dai a ji ta bakin likitoci.

Dr_Fida:

Wa alaikumus salam. Malam Abban Sadiq, kafin ka gama karanta sauran bayanina ka ɗauki waya ka kira abokin kwanan nasa, a kai shi babban asibiti yanzu, sashen gaggawa, inda ake da ɗakin tiyata. Akwai Janar na Ikorodu kusa da su, in aka ga ya fi ƙarfinsu za su tura shi asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja ko na LUTH a Idi-Araba. Ba kemis ba, ba ƙaramin kilinik na unguwa ba, kuma ba motar Kano ba. A ba Hajiya haƙuri, na san hankalin uwa ba ya kwanciya sai ɗanta na gabanta, amma awannin da zai yi a hanya su ne awannin da ake ceton ƙafa a cikinsu, wani lokacin ma rai.

Ga dalilina. Abubuwa uku ka faɗa da in suka haɗu ba ma wasa da su, rauni ya taɓa ruwan zartsi mai ɗumi, zazzaɓi da rawar sanyi cikin kwana ɗaya zuwa biyu, sannan zafin da ya fi girman ciwon da ido yake gani. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Vibrio vulnificus, dangin mai kawo kwalara ce, gidanta shi ne daidai irin wannan ruwan inda kogi yake haɗuwa da teku, ba ta son ruwa mai gishiri sosai kuma ba ta son ruwan daɗi zalla, ta fi yawa lokacin zafi. Lagun ɗin Legas haka yake, kogin Ogun da wasu suna zubo masa ruwan daɗi, teku kuma tana turo nata ta bakin tashar jiragen ruwa, ga ɗumi duk shekara. In ta shiga ta rauni ba a saman fata take tsayawa ba, tana bin shimfiɗar da ke tsakanin fata da tsoka tana kashe nama, kamar wutar ƙaiƙayi, sama lafiya lau ƙasa tana ci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce kusan mutum 1 cikin 5 da suka kamu da ita suna rasuwa, wasu cikin kwana ɗaya ko biyu da fara ciwon. A jihar Fulorida a 2022, shekarar da guguwar Ian ta tura ruwan teku cikin unguwanni mutane suka yi ta tafiya a ciki da raunuka, mutum 74 aka samu da ita, 17 suka rasu, kuma can ƙasa ce da asibiti yake kusa da kowa. Ban ce lallai ita ce ta kama ƙaninka ba, daga nan ba zan iya sani ba, akwai wata ƙwayar cutar ruwa mai suna Aeromonas da take yin irin wannan ɓarnar, akwai kuma ƙwayoyin da ke kan fatar kowa waɗanda in suka samu ƙofa su ma suna yi, balle ruwan da najasar gari take shiga. Ko wacce ce a cikinsu matakin farko ɗaya ne, likita ya ga ƙafar yau.

Abin da abokin zai yi kafin su isa, ya kwance tsumman, ya wanke wajen da sabulu da ruwa mai tsabta sosai, ya rufe da bandeji ko ƙyalle mai tsabta ba tare da ɗaurewa tamau ba, ya ɗaga ƙafar sama. Ya samu biro ya zagaye iyakar inda kumburin da canjin launin suka tsaya ya rubuta lokaci a gefe, domin a fatarmu ja ba ya fitowa sosai, duhu da sheƙi ake gani, wannan layin shi zai nuna wa likita saurin da abin yake tafiya. In sun isa, kalmar farko da za su faɗa ita ce ya yanke ne a cikin ruwan lagun kuma ya ci gaba da aiki a ciki, kada su ce zazzaɓi kawai, in ba haka ba za a iya ɗaukarsa maleriya a ba shi magani ya koma gida. Wannan bayanin yana canza maganin da za a zaɓa, domin ampiclox ɗin da aka ba shi ba ya isar wa ƙwayoyin ruwa, abin da aka saba haɗawa shi ne doxycycline da allurar ceftriaxone ko ɗan uwanta ta jijiya, da ƙarin ruwa, in kuma nama ya fara mutuwa to sai an shiga tiyata an buɗe an cire mataccen, magani kaɗai ba ya isa wajen da jini ya daina zuwa. Kada ku tsorata in aka ce za a yi aiki a daren, kada a tsaya sai an yi shawara da gida har gari ya waye. Diclofenac ɗin kuma ya dakatar da shi, yana danne zafi da zazzaɓi mutum ya zaci sauƙi ne, sannan yana takura ƙoda a lokacin da take cikin haɗari. A tuna musu da allurar tetanus, rauni mai datti in an fi shekara 5 ba a yi ba ana sakewa.

Hajiya Maman Khairat, lalle a kan cin ruwa marar rauni ba ni da faɗa da shi, yana busarwa, sai dai kada a dogara da shi wajen kashe naman gwarin, wato fungus, da ke ciki. Amma gashi da ruwan ɗumi a irin wannan ƙafar a bar shi, jinkiri kawai zai jawo. Haka masu zuba fetur ko man birki ko garin batir ko su fasa kafso su barbaɗa, duk ƙona naman suke yi.

Malam tambaya ɗaya, ƙanin naka ya taɓa yin ciwon shawara ko an taɓa ce masa yana da ciwon hanta ko suga? Amsar tana da muhimmanci.

Abban_Sadiq:

Likita Allah ya saka da alheri, na kira sun samu keke napep suna hanya yanzu haka, nayi wa Hajiya bayani ta hakura tana ta addu'a. Abokin yace tun dazu wasu kuraje masu ruwa sun fara fitowa kusa da yankan guda biyu kuma launinsu ya fara duhu, ya zagaye da biron kamar yadda kace. Maganar hanta kuwa shi dai ba a taba gwada shi ba amma mahaifinmu ciwon hanta ne ajalinsa Allah ya jikansa, kuma akwai yayarmu da aka gano tana da hepatitis B lokacin awon ciki. Suga kam bamu da shi a gida.

Dr_Fida:

Allah ya jiƙan mahaifi. To su faɗi wannan ma da bakinsu a asibitin, a gwada shi. Mai ciwon hanta shi ne wanda Vibrio ta fi yi wa illa, saboda hanta ce take tace ƙwayoyin cuta daga jini, kuma in ta samu matsala sinadarin ƙarfe yana yawa a jini, ita kuwa ƙwayar da shi take haɓaka. Bayan su sai masu suga, masu HIV, masu ciwon ƙoda da masu shan giya sosai. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da hepatitis B, yawancinsu ba su sani ba, shi ya sa nake damuwa da samarinmu da ke wannan aikin ba tare da sun taɓa gwaji ba. Kai ma da sauran 'yan gidan ku je a gwada ku, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, allura uku ce. Bororon da suka fito kuwa kada a fasa su, a nuna wa likita da zarar sun shiga, kada su bi layin kati.

Hadiza_Maine:

Salamu alaikum, Allah shi ba maras lafiya lafiya. Ku gafarce ni zan shigo da tawa tambayar tunda maganar ruwan zartsi ake kuma ga lokotoro a kusa. Ni daga yankin Maine Soroa nike jihar Diffa, mu nan babu teku amma kasarmu kasar kanwa ce da manda, rijiyoyi da yawa a kauyukanmu ruwansu zartsi ne, in ka sha kamar ka kara kishirwa, sabulu baya kumfa, shayi ma baya dadi, in an zuba a bido ya kwana sai ka ga fari fari a bakinsa. Wanda ya saba baya jin komai amma bako in ya zo kwanan farko sai gudawa. Masu aikin kanwa a cikin kwari kuma hannuwansu da kafafunsu duk faso ne mai zurfi har jini, fatar tayi kaushi ta tsage, in ruwan ya shiga sai radadi.

Abinda nike son sani, shin wannan kwayar cutar da kuka fada tana iya kama su suma? Na biyu kuma wanda yafi damuna, mahaifiyata tana da tansiyo wato hawan jini, kullum in mun je likita sai a ce ta rage gishiri a miya, ta rage har abincin baya ciyuwa amma tansiyon bai sauka ba, sai nike tunanin ko ruwan da take sha ne. Ga kanwata da ciki wata bakwai kafafunta sun fara kumbura ita ma wannan ruwan take sha. Wata ta ce mana a dinga tafasa shi gishirin zai fita, shin gaskiya ne? Ruwan foraj wato rijiyar burtsatse mai dadi akwai amma da nisa kuma saye ake, in za a saya wa kowa da kowa ba za mu iya ba.

Abban_Sadiq:

Yan uwa ga halin da ake ciki, Alhamdulillah. Da suka isa likitan da ya duba yaga kumburin ya riga ya wuce layin biron da kusan fadin yatsu uku, nan take aka sa masa ruwa da allurai, cikin dare aka shiga dashi tiyata aka bude kwaurin ta gefe aka cire naman da ya mutu, sun bar wajen a bude wai sai sun sake dubawa sun wanke, sun kuma dauki samfur sun kai lab. Yanzu zazzabin ya sauka yana magana har ya sha koko, sunce kafar in sha Allahu za ta tsira amma watakila daga baya sai an debo fata daga cinya an rufe wajen. Gwajin hanta kuma ya nuna yana da hepatitis B din, sunce bayan ya warke za a tura shi bangaren masu hanta. Yan uwanmu na wajen aikin da mutanen masallacin unguwar su suka hada kudin farko kafin na tura nawa, Allah ya biya su. Ina hanyar Legas gobe in Allah ya kaimu.

Likita saura maganar cin ruwan, tunda abokan aikinsa da yawa sun ce in tambayar musu, su suna nan cikin ruwan har yanzu.

Dr_Fida:

Alhamdulillah, Allah ya ƙara sauƙi. Kada a gaji da wankin ciwon, zai ɗauki makonni, kuma a bar shi ya ci abinci mai gina jiki sosai, ƙwai, wake, kifi dafaffe. Da irin hantarsa, ɗanyen kifi ko jatan lande da ƙaguwa da ba su dahu sosai ba ya bar su har abada, domin ƙwayar nan ta baki ma tana shiga. Aikin cikin ruwan kuma ni dai shawarata ya nemi wani.

Abin da ake kira cin ruwa abu uku ne suke haɗuwa a ƙafa ɗaya. Na farko jiƙewar fatar kanta, tafin ya yi fari ya yamutse yana zugi, sojojin Amurka sun sha fama da shi a gonakin shinkafa na Biyetnam, kuma maganinsa bai wuce abin da Tsohon ɗan Legas ya faɗa ba, wanki da ruwan daɗi, bushewa, ɗaga ƙafa, hutun kwana biyu zuwa uku. In saman ƙafar ya kumbura har da kaluluwa a matsematsi to hutun ya kai kwana huɗu zuwa biyar kuma a ga ma'aikacin lafiya. Na biyu ƙananan ramukan nan masu wari, ƙwayar bakteriya ce take cin saman fata, ana shafa clindamycin ko fusidic acid safe da yamma. Na uku tsagewa da ƙaiƙayin tsakanin yatsu, wannan naman gwari ne, clotrimazole sau biyu a rana har sati huɗu ko da an ga ya warke, ko terbinafine sati ɗaya zuwa biyu. Man nan mai haɗe uku akwai sitiroyid a ciki, shi ne yake kwantar da ƙaiƙayin nan take amma yana sa fata ta yi siriri naman gwarin kuma ya bazu, shi ya sa yake dawowa ya fi na da. Kuma su gane cewa tsagar nan ta tsakanin yatsu ita ma ƙofa ce, ba sai kwalba ta yanke mutum ba. Duk wanda ya ga wani ƙullutu a hannu ko ƙafa da ya fito makonni bayan ƙayar kifi ta soke shi, ba ya zafi sosai amma ya ƙi warkewa, wani lokacin su jeru suna hawa sama, ya je asibitin fata, akwai wata 'yar uwar ƙwayar tarin fuka da ke zama a ruwa, maganinta watanni ake sha. Masu nutso da kunne yake musu ciwo ko yake zubar da ruwa su daina cusa tsinke ko gashin kaza, a duba ko dodon kunnen bai fashe ba kafin a ɗiga komai. Wanda kuma yake fitsarin jini, tsargiya ce mai yiwuwa, katantanwar da ke ɗauke da ita ta ruwan daɗi ce, wataƙila tun daga fadamar gida ya taho da ita, praziquantel ake ba shi bayan gwajin fitsari.

Malama Hadiza, Vibrio vulnificus ta bakin teku ce, ba ita nake ji wa masu aikin kanwa tsoro ba. Su kanwar ce da kanta take cinye maiƙon fata ta bushe ta tsage, sai datti da tetanus su samu hanya, don haka wanke hannu da ƙafa da ruwan daɗi bayan aiki, man kaɗanya ko basilin da yawa da daddare, safar hannu ta roba in da hali, da allurar tetanus.

Zarginki a kan ruwan sha kuwa yana da tushe. Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, ruwan da ake kira mai zartsi yana farawa ne daga rabin giram zuwa sama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 5 na gishiri a yini gaba ɗaya. To ki ɗauka rijiyarku giram 2 ce kawai a lita, a zafin Diffa mutum ya sha lita uku, ya riga ya wuce ƙa'ida tun bai taɓa miya ba, kuma kanwa ita ma sodiyom ce, sinadarin da yake tayar da hawan jinin ke nan. A kudancin Bangaladash inda ruwan teku ya shiga rijiyoyi da tafkuna, bincike ya nuna mata masu ciki da ke shan ruwan sun fi samun hawan jini na ciki, wanda in ya yi tsanani yake kai wa ga jijjiga. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fitar da gishiri, ruwan ne yake tafiya a tururi gishirin ya ƙara kauri, tacewa da ƙyalle ko zuba alif ma ba sa cire shi. Tunda ba za a iya saya wa kowa ba, a ware ruwan foraj ɗin don sha da girki na mutum uku, Mama, mai cikin, da duk jaririn da ake dama wa koko ko madara, domin ƙodar jariri ba ta iya fitar da gishiri kamar ta babba. Wanka da wanki a yi da na rijiya. Ƙanwarki kuma kada ta jira ranar awo, a kai ta a auna tansiyonta da fitsarinta cikin satin nan, in ta ji ciwon kai mai tsanani ko ganinta ya dushe ko fuska ta kumbura to a ranar za a tafi. Shi ma foraj ɗin ku nemi ma'aikatan ruwa na jiha su auna shi, kin san abin da ya samu yaran Tibiri ta Maraɗi da ƙasusuwansu suka lanƙwashe saboda sinadarin fuloraid a ruwan famfo, shi ba a jin ɗanɗanonsa a baki. Mama ta ci gaba da shan maganinta yadda aka rubuta, bayan wata ɗaya da canza ruwan a sake aunawa a nuna wa likitanta lambobin biyu.